Kafin A Keɓe Makabarta: Yadda Ake Yi Wa Taswirar Kwamfuta Tambaya

A daren Litinin wayewar garin Talata, 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau da ke kan kogin Ngadda ta ɓalle, ruwa ya kwararo cikin birnin Maiduguri mutane na barci. Rabon garin da ambaliya mai wannan girma tun shekarar 1994. Ruwan ya ci gidaje da kasuwanni, ya shiga asibitoci da makarantu, bai kuma bar makabartu ba, ciki har da ta Gwange. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafificin alheri. Wanda ya rasa gida yana iya sake gini idan Allah Ya hore masa, amma wanda ruwa ya shafe kabarin mahaifinsa ba shi da inda zai kai kuka.

Lamarin ya daɗe. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa labarin sahabbai biyu mutanen Madina, Amru ɗan Jamuhu da Abdullahi ɗan Amru (Allah Ya ƙara musu yarda), waɗanda suka yi shahada a Uhudu aka rufe su a kabari guda. Kabarin yana kusa da hanyar da ruwa ke bi in an yi sama, har wata rana ruwan ya zaizaye shi, aka tono su domin a sauya musu wuri, aka tarar jikinsu bai canza ba, alhali shekara 46 ke nan da binne su. Malaman mazhabar Malikiyya suna halatta a ɗauke mamaci daga kabarinsa idan ana tsoron ruwa ko namun daji za su ci shi, da sharaɗin kada a keta alfarmarsa. Sai dai wannan rangwame ne na lalura. Asalin hukuncin shi ne kabari hubusi ne a kan mai shi, ba a tone shi matuƙar ana zaton akwai saura daga gare shi. Ke nan ranar da jama'a suka tsayar da fili suka ce nan ce makabarta, sun yanke shawarar da jikokinsu za su rayu da ita.

To, ta yaya ake tsayar da filin? A mafi yawan garuruwanmu, wani bawan Allah ne ke ba da gonarsa wakafi, ko ƙaramar hukuma ta yanko wani gefe, tun da kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ɗora samar da makabartu da kula da su a wuyan ƙananan hukumomi. Sai dattawa su je su duba, galibi da rani, lokacin da ko fadama ta bushe ta yi kyan gani. Niyyar mai kyauta abar yabo ce, Allah Ya saka masa. Amma ido ba ya ganin zurfin ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa, ba ya kuma tuna inda ambaliya ta tsaya shekara ashirin da suka wuce. A nan ne wani ilimi da ɗalibanmu na sashen nazarin ƙasa ke karantawa a jami'o'i yake da abin cewa.

Taswira mai jadawali a bayanta

Ana kiran tsarin da GIS, ma'ana rumbun bayanan ƙasa a kwamfuta. Taswirar takarda zane ce kawai, abin da mai zane ya ga dama ya nuna shi za ka gani. Ta kwamfuta kuwa shimfiɗa-shimfiɗa ce, ɗaya bisa ɗaya: shimfiɗar koguna da magudanan ruwa, ta rijiyoyi, ta nau'in ƙasa, ta tudu da kwari, ta filaye da iyakokinsu. Kowace shimfiɗa tana da jadawali a bayanta. Kowane fili da ka gani a allo yana da layinsa guda a jadawalin, kuma a gaban layin akwai gurabe da aka rubuta siffofinsa: girmansa kadada nawa, ƙasarsa jigawa ce ko laka, tsayinsa daga doron teku, mallakar wane ne, me ake yi a cikinsa yanzu. Ka taɓa fili a taswira, layinsa ya haskaka a jadawali. Ka zaɓi layi a jadawali, filin ya haskaka a taswira.

Ɗalibin da ya san tarihin ilimi a wajen Musulmi ba zai ji wannan baƙo ba. A zamanin halifa Ma'amun a Bagadaza, Muhammadu ɗan Musa Alkawarizmi ya rubuta Kitabu Suratil Ardi, wanda kusan dukkansa jadawali ne na wurare fiye da 2,000 tare da lambobin matsayinsu a doron ƙasa, an kasa su gida-gida: birane daban, duwatsu daban, tekuna, tsibirai, koguna. Mai riƙe da littafin yana iya zana taswirar da hannunsa. Abin da zamani ya ƙara shi ne na'urar da ke bin layi dubu ɗari cikin ƙiftawar ido. Roger Tomlinson ne ya jagoranci gina tsari na farko irin wannan a Kanada a shekarun 1960, domin ƙididdige filayen noma da dazuzzukan ƙasar, sannan a 1970 Edgar Codd na kamfanin IBM ya shimfiɗa ƙa'idar adana bayanai a jadawalai masu alaƙa da juna, wadda yaren tambaya na SQL ya tsiro daga gare ta.

Tambaya iri biyu ake yi wa rumbun. Akwai tambaya ta wuri: nuna mini duk abin da ke cikin wannan gunduma, ko abin da ke gab da wannan kogi. Akwai kuma tambaya ta siffa, wadda ita ce abin maganarmu: nuna mini duk filin da siffarsa ta cika kaza da kaza, ko a ina yake. Jumlarta ƙafa uku gare ta, sunan gurbi, alamar gwaji, da ƙima. Misali, girma ya kai kadada 5. Na'ura za ta bi layi-layi tana tambayar kowane fili, wanda ya amsa da e ta ware shi. Ana haɗa sharuɗɗa da kalmomi uku, DA, KO, da BANDA (a manhajojin da Turanci ake rubuta su, amma ma'anar ke nan). Wanda ya karanta babin sharuɗɗa da abubuwan hanawa a fiƙihu ya riga ya san wannan tunani: hukunci ba ya tabbata sai sharuɗɗa sun cika duka, kuma babu mai hanawa ko guda.

Sharuɗɗan daga ina?

Na'ura ba ta san abin da ya dace da makabarta ba, mutane ne za su faɗa mata. Ta fuskar fiƙihu, mafi ƙarancin zurfin kabari shi ne abin da zai hana wari fita ya kuma kare mamaci daga dabbobi, kuma Malikiyya ba su so a zurfafa ƙwarai. Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya bayyana a Risala cewa lahadu ya fi soyuwa a wajen malamai bisa tsaga ta tsakiya, idan ƙasar mai ƙarfi ce da ba ta rugujewa. Ashe tun a littafin da yaranmu ke karantawa a zaure, nau'in ƙasa siffa ce da hukunci ke rataye da ita.

Ta fuskar lafiya kuma, ofishin Turai na Hukumar Lafiya ta Duniya ya fitar da rahoto a 1998 kan tasirin makabartu ga muhalli, inda aka kawo ma'aunai da har yau ake yawan komawa gare su. Kada a binne gawa a ƙasa da mita 250 daga rijiya ko burtsatse ko idon ruwan da ake sha. A nisanci sauran koramu da aƙalla mita 30, magudanar gona kuma da mita 10. A bar aƙalla mita guda na ƙasa tsakanin gindin kabari da dutse, da kuma aƙalla mita guda tsakanin gindin kabari da mafi tsawon matakin da ruwan ƙarƙashin ƙasa ke hawowa. Dalili shi ne ƙasar da ba ta jiƙe sharkaf ba ita ce matata: a cikinta ƙwayoyin cuta ke maƙalewa su mutu kafin su isa ruwa. Tsakuwa da yashi mai gautsi suna sakin ruwa da sauri, babu lokacin tacewa. Laka tsantsa kuma riƙe shi take yi, kabari ya zama kwatarniya. Gaurayen yashi mai laushi da laka shi ya fi. An tsara waɗannan ma'aunai ne da ƙasar Turai a zuciya, saboda haka wajibi ne masanan ruwa na yankinmu su duba su daidaita, amma sun isa a fara da su.

A ƙaddara, domin misali kawai, wani kwamitin unguwanni yana da filaye 400 a jadawali, kuma kabarin garin yakan kai mita ɗaya da rabi. Ke nan ana buƙatar ruwan ƙasa ya kasance aƙalla mita biyu da rabi daga sama, a ƙarshen damina lokacin da ya fi hawowa. Nisa daga rijiya ba siffa ba ce tun farko, sai an sa na'ura ta auna tazarar kowane fili da rijiya mafi kusa, ta rubuta a sabon gurbi. Daga nan tambayar ta zama: zurfin ruwa ya kai 2.5, DA nisan rijiya ya kai 250, DA nisan korama ya kai 30, DA girma ya kai kadada 5, BANDA filin da aka taɓa ganin ruwa ya kwanta a kansa. A danna, sai filaye 400 su koma, a ce, goma sha biyu, suna haske a allo. Dattawa ba sa buƙatar zagaye gari duka, guri goma sha biyu za su taka.

Inda tambaya ke yaudarar mai ita

Na'ura tana amsa abin da ka rubuta, ko da ba shi kake nufi ba, kuma ba ta nuna alamar shakka. Wannan ɓangaren ya cancanci a tsaya a kansa.

Ɗauki haɗa DA da KO. Wani ya rubuta: ƙasa jigawa ce KO ƙasa jangargari ce DA zurfin ruwa ya kai 2.5. A ransa yana nufin ɗaya daga nau'o'in biyu, kuma kowanne ya cika sharaɗin zurfi. Amma ƙa'idar na'ura ita ce ta fara ɗaure DA kafin ta waiwayi KO. Abin da ta fahimta shi ne: kawo duk jigawa ba tare da wani sharaɗi ba, sannan ka ƙara da jangargarin da ruwansa ke da zurfi. Sai ga jigawar bakin gulbi, wadda ruwa ke kamu biyu a ƙarƙashinta, ta shigo cikin zaɓaɓɓu. Maganin baka biyu ne kacal, a kewaye nau'o'in ƙasar a cikinsu. Masu nahawu sun san irin wannan rigima a kan togaciyar da ta biyo bayan jumloli da dama, shin ga ta ƙarshe take komawa ko ga duka. Bambancin shi ne na'ura ta riga ta zaɓi mazhabarta, kuma ba za ta sanar da kai ba.

Mafi haɗari shi ne gurbin da babu komai a cikinsa. Filin da ba a taɓa auna zurfin ruwansa ba, gurbinsa fanko ne, kuma fanko ba sifili ba ne. In ka tambayi filayen da zurfinsu ya kai 2.5, ba zai fito ba. In ka juya ka tambayi waɗanda zurfinsu bai kai ba, nan ma ba zai fito ba. Ya ɓace tsakanin tambayoyin biyu, wataƙila kuma shi ne fili mafi dacewa a garin. Ɗaya fuskar ta fi muni. Wasu rumbunan ba sa barin fanko, sai su cike shi da lambar riƙo, kamar -9999, wasu ma'aikatan kuma sifili suke sawa. A bayanan tudu da kwari na SRTM, waɗanda kumbon Endeavour na Amurka ya tattara cikin kwana 11 a watan Fabrairun 2000, inda na'urar ta kasa aunawa an rubuta -32768. Wanda ya nemi matsakaicin tsayin fili bai cire wannan lamba ba, zai samu amsar da ta nutsar da tudun nan ƙarƙashin teku. Wanda kuma ya ga sifili a gurbin yawan ambaliya ya ɗauka ba a taɓa yin ta ba, alhali ma'anarsa ba wanda ya rubuta, to ya kai jama'a ga kwari da hannunsa. Rashin sanin abu daban, sanin babu shi daban, kuma mai tambaya na ƙwarai yakan fara da ƙirga gurabe nawa ne fanko kafin ya tambayi komai.

Rubutu ma yana da nasa. A wajen na'ura, Ƙofa da Kofa da K'ofa kalmomi uku ne mabambanta, haka fadama da Fadama a yawancin rumbuna. Jadawalin da mutum biyar suka cike, kowa da irin rubutunsa, sai an tsefe shi tukuna.

Sai maganar shekaru. Kowace siffa tana da ranar da aka auna ta, kuma ƙasa ba ta zaune wuri guda. A kudu maso yammacin Nijar, a kewayen Yamai, masana sun tarar ruwan ƙarƙashin ƙasa ya hawo da kimanin mita 4 tsakanin 1963 da 2007, duk da farin da aka sha a shekarun 1970 da 1980. Abin da ya jawo haka shi ne sare daji domin noma: ruwan sama ya daina tsayawa a inda ya sauka, yana gangarawa tafkuna, daga can ya nutse. Wanda ya dogara da ma'aunin rijiya na zamanin kakanni a irin wannan yanki zai yi kuskuren da ya fi zurfin kabarin kansa. Haka nan rijiyar da aka auna a watan Afrilu ba ta ba da labarin Satumba.

Akwai kuma girman ƙwayar hoto. Bayanan ƙasa na SoilGrids, da cibiyar ISRIC ta Holan ke bayarwa kyauta, kowace ƙwaya tasu mita 250 ce a tsaye da kwance, wato fiye da kadada shida, kuma ƙiyasi ne na lissafi, ba tono aka yi a kowane wuri ba. Ƙaramar makabarta tana iya shigewa cikin ƙwaya guda. SRTM mita 30 ne, amma kuskurensa a tsayi yakan kai mitoci da dama, kuma saman itatuwa da rufin gidaje yake aunawa. A ƙasa mai duwatsu wannan ba komai ba ne. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Maiduguri ko Haɗeja, inda mita guda ke raba busasshen wuri da tafki, babban abu ne. Tarayyar Turai tana da rumbun da ke nuna, daga hotunan Landsat tun 1984, sau nawa cikin ɗari aka ga ruwa a kowace ƙwaya ta mita 30. Taska ce mai daraja, sai dai tauraron Landsat guda yana komowa wuri ne bayan kwana 16, kuma ba ya gani ta cikin gajimare, alhali ambaliya da gajimare tare suke zuwa. Ruwan da ya kwana uku ya janye yana iya wucewa ba a gan shi ba. Shi ya sa ake haɗawa da hotunan Sentinel-1, mai aiki da rada, wanda hadari ba ya tare masa gani.

Ƙarami a ido amma mai cizo shi ne ma'aunin matsayi. Tsofaffin taswirun safiyo na Najeriya an gina su ne a kan ma'aunin Minna, wayoyinmu kuwa suna amfani da WGS84. In aka ɗora ɗaya kan ɗaya ba a daidaita ba, wuri yakan goce da gomman mitoci. Ga mai sharaɗin mita 30 daga korama, wannan ya isa ya mayar da haram halal a allo.

Kayan aikin suna kusa

Abin farin ciki, babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya gagari ɗalibi mai ƙwazo. Manhajar QGIS kyauta ce, tana aiki a kan kwamfutar hannu ta talaka, kuma tana yin duk tambayoyin da aka ambata. Hotunan Landsat kyauta ne tun 2008, na Sentinel-2 masu ƙwayar mita 10 ma haka. Shirin GRID3 ya wallafa bayanan matsugunai da cibiyoyin lafiya da iyakokin mazaɓu na Najeriya. Jihohi da dama sun kafa hukumominsu na bayanan filaye, irin su KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, da BOGIS a Borno, kuma hukumar NIHSA tana fitar da hasashen ambaliya kowace shekara kafin damina. A Yamai akwai cibiyar AGRHYMET, wadda tun 1974 take tattara bayanan ruwa da yanayi na ƙasashen Sahel.

A ganina, gurbin da ya fi kowane rauni a garuruwanmu shi ne wanda ya fi muhimmanci, wato zurfin ruwan ƙasa da jerin rijiyoyin cikin gidaje. Tauraron ɗan'adam ba ya leƙa rijiya. Wannan aiki ne na ƙafa, kuma aiki ne da kwamitin masallaci ko ɗaliban Islamiyya za su iya yi da igiya mai alamar mita da wayar hannu: a nemi izinin masu gida, a auna daga bakin rijiya zuwa fuskar ruwa, a cire tsayin ginin bakin, a ɗauki lambobin wurin, a rubuta kwanan wata. A yi sau biyu, a ƙarshen Satumba da kuma cikin bazara. A ware gurbi na musamman ga abin da masu haƙar kabari da masu haƙar rijiya suka sani, domin su ne suka san inda ake cin karo da marmara a kamu uku, da inda rami ke tsattsafo da ruwa tun ba a gama ba. A ware wani ga tsofaffin unguwa, a tambaye su iyakar da ruwa ya kai a shekarun manyan ambaliyoyi, a sa alama a taswira tare da shekarar.

Filaye goma sha biyun nan da suka haskaka a allo ba a kammala da su ba tukuna. Akwai siffofin da ba su cikin jadawali: ko filin gadon marayu ne da ba a raba ba, ko burtali ne ko makiyaya, ko akwai shari'a a kansa, ko hanyar zuwa tana yankewa da damina har masu ɗauke da makara su kasa wucewa. Bayan an tace waɗannan, a je kowane fili da ya rage a cikin watan Satumba, a haƙa ramin gwaji mai zurfin mita biyu da rabi a gefen da ya fi gangare, a killace shi saboda yara da dabbobi, a bar shi ya kwana biyu, sannan a dawo a leƙa.